Gobarar batirin litiyam: Inda haɗarin motoci da baburan lantarki yake

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, hankalin masu ababen hawa a Najeriya ya karkata ga duk abin da zai raba su da gidan mai. Wasu sun koma ga iskar gas, wasu kuma suka fara tambayar farashin mota, ko babur, ko Adaidaita Sahu mai caji. A Maiduguri, gwamnatin Jihar Borno ta zuba tasi masu lantarki a kan titi tun ƙarshen 2023. Kafin nan ma, a 2021, hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Sai dai wannan sha'awa tana tafe da wani tsoro da bidiyon WhatsApp ke rurawa: mota a ajiye, ba kowa a ciki, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashinta, kafin a ankara ta zama ƙarfe.

Tsoron yana da tushe, amma an fi ɗora shi a inda bai fi nauyi ba. Sabuwar motar lantarki daga kamfani sananne ba ta cika kamawa da wuta ba. Matsalarta ita ce idan ta kama, wutar tana da wata ɗabi'a daban, wadda tukunyar kashe gobara da bokitin yashi ba su san ta ba. Batirin da ya fi kashe mutane a duniya kuwa shi ne ƙarami, mai araha, na keke da babur, wanda ake shiga da shi ɗaki a jona a soket a kwanta barci.

Abin da ke cikin batirin

Batirin litiyam mai caji ya shiga kasuwa ne a 1991 ta hannun kamfanin Sony na Japan, kuma a 2019 aka bai wa mutum uku da suka aza harsashinsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai. Shi ne a cikin wayar salula da kwamfutar tafi-da-gidanka da yawancin sababbin baturan sola. Na mota bai bambanta da su a asali ba, girma ne kawai. Abin da ake kira batirin mota tarin ƙananan ƙwayoyi ne da aka jera a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujeru, nauyinsa yakan kai kilo 300 zuwa 600. Wani samfurin Tesla Model S na farko yana ɗauke da ƙwayoyi 7,104, kowace ba ta fi girman yatsa da yawa ba. Wasu kamfanonin suna amfani da manyan ƙwayoyi 'yan ɗaruruwa. Ƙarfin wutar da ke ciki yakan kasance bolt 400, a sababbin motoci har 800, wato ya ninka na soket ɗin gida, kuma wayoyin da ke ɗauke da ita launin ruwan lemo ake yi musu domin gargaɗi.

Kowace ƙwaya tana da faifai biyu da aka naɗe ko aka jera tare, ɗaya ana ce masa katod, ɗayan anod. A tsakaninsu akwai wani siririn tantani na roba wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba, aikinsa hana faifan biyu taɓa juna. Duka suna jiƙe cikin wani ruwa da ƙwayoyin litiyam ke bi suna kai da komowa yayin caji da yayin tafiya. A nan bambancin yake da tsohon batirin mota da kowane bakanike ya sani. Ruwan tsohon batir asid ne da aka gauraya da ruwa, ba ya ci da wuta. Ruwan batirin litiyam kuwa sinadari ne mai kamawa, dangin man fetur a wajen ɗabi'a. Ke nan makamashi mai yawa, da abin ƙonewa, duk suna matse a wuri guda, kuma tantanin nan kaɗai ke tsakaninsu da haɗuwa.

Mai gadin wannan tsari wata na'ura ce da ake kira BMS, wadda za a iya cewa ita ce ƙwaƙwalwar batir. Tana auna zafi da ƙarfin wutar kowane rukunin ƙwayoyi, ta katse caji idan ya cika, ta rage gudu idan zafi ya yi yawa. Yawancin motoci kuma suna da bututun ruwan sanyaya da ke ratsa batirin. Batirin da aka cire wa BMS, ko aka sa masa na jabu, ba shi da mai tsawata masa.

Yadda zafi ke ƙwacewa

Masana suna da suna ga abin da ke faruwa idan batir ya lalace, ma'anarsa ƙwacewar zafi, kamar yadda doki ke ƙwace wa mahayi. Farkonsa ƙwaya ɗaya ce. Idan ta huje, ko aka cika mata caji fiye da kima, ko wani lahani na ciki ya sa faifan biyu suka haɗu, sai ta fara zafi. Daga wajen digiri 80 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, wani rufi mai kare anod yana fara rugujewa, rugujewar kuma tana ƙara zafi. A kusan digiri 130 zuwa 165 tantanin roba yana narkewa, faifan su haɗu gaba ɗaya. Idan aka wuce digiri 200, katod ɗin wasu nau'o'in batir yana fara sakin iskar oksijin da kansa. Daga nan babu komawa: zafin ƙwayar yana iya haura digiri 800 cikin daƙiƙoƙi, ta dafa maƙwabciyarta, ita ma ta dafa ta gaba, har wutar ta bi layi ta cinye akwatin.

Abu biyu ne suka sa wannan wuta ta fita daban. Na farko, ba ta dogara kacokan ga iskar waje ba, saboda haka rufe ta da bargo ko yashi ko garin tukunyar kashe gobara yana iya kwantar da harshen wuta amma ba ya tsayar da abin da ke tafasa a ciki. Na biyu shi ne iskar da take fitarwa. Kafin harshen wuta ya bayyana, batirin yakan fesar da wani farin hayaƙi mai kauri da mutane ke ɗauka tururi ne. A cikinsa akwai haidirojin da kabon monoksaid da wasu iskoki masu kamawa, da kuma haidirojin fulorayid mai ƙona huhu da ido. Idan wannan hayaƙi ya taru a gareji ko shago ko ɗaki a rufe, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da fashewa.

Ba duk baturan litiyam ne ɗaya ba. Nau'in da ake kira NMC, mai sinadaran nikel da manganis da kobalt, ya fi riƙe wuta a ƙaramin wuri, shi ya sa motocin dogon zango suka fi amfani da shi, amma ya fi saurin ƙwacewa. Nau'in LFP, mai ƙarfe da fosfet, ya fi jure zafi kuma ba ya sakin oksijin da sauƙi. Shi ne kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fi amfani da shi, kuma shi ne a cikin yawancin baturan sola na zamani. Ga mai zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Nguru, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, wannan bambanci abin tambaya ne kafin a biya kuɗi. Amma LFP ma yana fitar da hayaƙi mai guba mai kamawa idan ya lalace. Mai cewa ba ya ƙonewa sam, talla yake yi.

Sau nawa abin ke faruwa?

Alƙaluman da aka fi ambata sun fito daga hukumar kula da agajin gaggawa ta ƙasar Suwidin. A 2022 ta ƙirga gobara 23 a cikin motoci kimanin 611,000 masu lantarki da masu haɗa lantarki da fetur, yayin da aka samu gobara wajen 3,400 a cikin motocin fetur da dizal miliyan 4.4. Idan aka daidaita lissafi, kusan mota 4 ke nan a cikin kowace 100,000 a ɓangaren lantarki, a ɗaya ɓangaren kuwa wajen 77. Akwai abin lura: motocin lantarki sababbi ne, tsofaffin motoci kuwa su suka fi kamawa da wuta, kuma Suwidin ƙasa ce mai sanyi, mai tituna lafiyayyu da wutar lantarki tsayayya. Tazarar na iya raguwa idan motocin suka tsufa. Duk da haka tana da faɗin da ya isa ya rushe zancen cewa motar lantarki bam ce mai taya huɗu. Al'ummar da ta ga abin da tankar fetur ta yi a garin Majiya na Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, ba ta buƙatar a tuna mata cewa fetur ma wuta ne.

Jita-jita tana ƙara wa lissafin gishiri. A Oktoban 2023 gobara ta cinye motoci fiye da 1,300 a ginin ajiye motoci na filin jirgin saman Luton a Ingila, nan take aka cika intanet da cewa motar lantarki ce. Binciken 'yan kwana-kwana ya nuna motar dizal ce, kuma ginin ba shi da na'urar feshin ruwa. A Yulin wannan shekarar jirgin ruwan Fremantle Highway, ɗauke da motoci kusan 3,800, kusan 500 daga ciki masu lantarki, ya kama da wuta a gaɓar Holan, ma'aikaci ɗaya ya rasu. Da aka janyo jirgin, an tarar da yawancin motocin lantarkin da ke benayen ƙasa ba su ƙone ba. Shi kuwa jirgin Felicity Ace, wanda ya ƙone a tekun Atlantika a Fabrairun 2022 da motocin rukunin Volkswagen kusan 4,000, ya nutse da shaidarsa.

Abubuwan da ke tayar da ita

Lahanin masana'anta ne ya fi jawo wa kamfanoni asara. A Agustan 2021 kamfanin General Motors ya faɗaɗa kiran motocinsa na Chevrolet Bolt har ya haɗa duk wanda aka ƙera tun samfurin 2017, kimanin mota 140,000, bayan da wasu suka ƙone a ajiye. An gano kuskure biyu da idan suka haɗu a ƙwaya ɗaya suke tayar da wuta: yagewar wani ɗan harshen ƙarfe na anod, da lanƙwashewar tantani. Kafin a sauya baturan, an umarci masu motocin su daina cika caji fiye da kashi 90 cikin 100, su daina barin mota a caji cikin gareji da dare, su riƙa ajiye ta a waje. Aikin ya ci kusan Dala biliyan 2, kuma kamfanin LG da ya ƙera ƙwayoyin ne ya ɗauki mafi yawa. A Fabrairun wannan shekarar Hyundai ya sanar da sauya baturan motoci kimanin 82,000, akasarinsu Kona mai lantarki. A birnin Paris, hukumar sufuri ta janye bas 149 na samfurin Bluebus daga titi a Afrilun 2022 bayan biyu sun ƙone cikin wata guda.

Sai haɗari da bugu daga ƙasa. Tunda batirin a cikin cikin mota yake, dutse ko ƙarfe ko tudun rage gudu da aka gina ba bisa ƙa'ida ba yana iya lotsa akwatin. Abin da ya sa wannan ya fi ban tsoro shi ne jinkiri: ƙwayar da ta ji rauni yau tana iya ɗaukar kwanaki kafin ta ƙwace. A Maris na 2018 wata Tesla Model X ta yi haɗari a Mountain View da ke Kalifoniya, aka kashe wutar, aka ja ta zuwa filin ajiye motoci. Bayan kwana biyar batirin ya sake kamawa. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta sa wannan a cikin rahoton da ta fitar kan haɗarin da ma'aikatan ceto ke fuskanta daga wutar da ta maƙale a cikin batirin da ya lalace.

Ruwa ma yana cikin jerin, musamman na gishiri. Bayan guguwar Ian ta afka wa Jihar Fulorida a Satumban 2022, motocin lantarki da ruwan teku ya shanye sun riƙa kamawa da wuta, wasu bayan kwanaki ko makonni, domin gishirin da ya bushe a cikin akwati yana zama gadar da wuta ke bi. An ƙera batirin mota ya jure ruwan sama da kududdufin titi, amma ba a ƙera shi ya kwana a nutse ba. Ruwan ambaliya mai laka da datti, irin wanda ya mamaye Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, bai kai na teku haɗari ba, amma motar da ta nutse a cikinsa ba abar kunnawa ba ce sai ƙwararre ya duba ta.

Darasin Incheon

Da safiyar 1 ga Agustan 2024, wata Mercedes-Benz EQE da ke ajiye a garejin ƙarƙashin ƙasa na wani rukunin gidaje a Incheon, Koriya ta Kudu, ta fara fitar da farin hayaƙi, sannan ta fashe. Ba a caji take ba, kuma ta fi kwana biyu ba a motsa ta ba. Sai da aka shafe fiye da awa takwas kafin a shawo kan wutar. Motoci 87 sun ƙone, wasu ɗaruruwa suka babbake ko hayaƙi ya lalata su, aka kai mutum 23 asibiti saboda shaƙar hayaƙi, ɗaruruwan iyalai kuma suka yi kwanaki babu ruwa babu wuta.

An fi maganar batirin, wanda ya fito daga kamfanin Farasis na ƙasar Sin alhali masu saye da yawa ba su san haka ba, har gwamnatin Koriya ta tilasta wa kamfanoni bayyana wanda ya ƙera batirin kowace mota. Amma abin da ya mayar da gobarar mota ɗaya ta zama ta unguwa wani abu ne daban: na'urar feshin ruwa ta garejin ba ta yi aiki ba, domin wani ma'aikacin ginin ya danna maɓallin tsayar da ita lokacin da ƙararrawa ta yi ƙara. Rufin garejin kuma ya yi ƙasa, motar kwana-kwana ba ta iya shiga ba. Masu gina manyan shaguna da ofisoshi a Abuja da Kano da Legas, waɗanda suka fara sha'awar gareji a ƙarƙashin bene, suna da abin karantawa a nan fiye da masu sayen mota.

Kashe ta

Akwai kuskuren da ya yaɗu cewa ba a zuba wa batirin litiyam ruwa. Wannan ya shafi ƙarfen litiyam tsantsa, wanda babu shi da yawa a batir mai caji. Ga batirin mota, ruwa ne maganin da kamfanoni da kansu suka rubuta, domin aikin da ake so shi ne sanyaya ƙwayoyin da wutar ba ta kai gare su ba. Wahalar ita ce yawansa. Littafin da Tesla ya tanadar wa ma'aikatan ceto ya ce ana iya buƙatar lita 11,000 zuwa 30,000, kuma batirin na iya ɗaukar awa 24 kafin ya huce. Lita 30,000 ta kusa cika tankar fetur guda, alhali motar kwana-kwana ta yau da kullum 'yan dubban lita take ɗauka. Dalili shi ne akwatin da aka yi domin ya hana ruwa shiga yana hana na 'yan kwana-kwana ma shiga, yawancin ruwan a ƙasa yake zuba.

Kowace ƙasa da dabararta. A Holan da Jamus akan ɗaga motar a tsoma ta cikin kwantena mai ruwa. Kamfanin Renault na Faransa ya yi wa baturansa wata kafa da ƙarfin ruwan tiyo ke fasawa ya shiga ciki kai-tsaye, kuma a 2025 ya bai wa sauran kamfanoni izinin amfani da dabarar kyauta. Wasu hukumomin kuma, idan motar tana fili ba ta kusa da gini, sukan kare abin da ke kewaye su bar ta ta cinye kanta. Babban bargon rufe mota yana hana wuta tsallakawa, amma yana iya tara iskar nan mai fashewa a ƙarƙashinsa. Bayan an kashe, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ajiye motar a fili, aƙalla mita 15 daga kowane gini ko mota. A garuruwan da famfon kashe gobara na bakin titi ya zama tarihi, kuma motar kwana-kwana kan koma ɗebo ruwa a tsakiyar aiki, wannan lissafi yana nufin kare maƙwabta ne zai zama aikin farko.

Inda ake mutuwa

A birnin New York, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 da baturan litiyam suka haddasa a 2023, mutum 18 suka mutu. Kusan duka daga kekuna da ƙananan baburan lantarki ne, irin na masu kai saƙon abinci, waɗanda ake cajinsu a ɗaki ko a lungun bene. A watan Yunin shekarar, gobara a wani shagon gyaran kekunan lantarki ta kashe mutum huɗu da ke zaune a saman shagon. Birnin ya kafa dokar hana sayar da keke ko batirin da bai cika ma'aunin inganci na UL ba, ya kuma matsa da wayar da kai. A 2024 yawan gobarar bai ragu ba, amma mamatan suka sauko zuwa shida, abin da hukumar ta danganta da yadda mutane suka fara fitar da baturan waje.

A Nanjing ta ƙasar Sin, wutar da ta tashi a ƙasan wani dogon bene inda ake ajiye baburan lantarki ta kashe mutum 15 a Fabrairun 2024. A Secunderabad ta Indiya, mutum takwas suka mutu a Satumban 2022 a wani otal da ke saman shagon sayar da baburan lantarki. Hayaƙi ne ya bi matakala ya same su. A wannan shekarar kamfanonin Ola da Okinawa da Pure EV sun janye dubban babura bayan jerin gobara a lokacin zafi, gwamnatin Indiya kuma ta tsaurara ƙa'idar gwajin batir. Hukumar sufurin Landan ta hana shiga jiragenta da ƙananan baburan tsaye masu lantarki tun Disamban 2021.

Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: batir marar suna ko wanda aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyi, caja da ba tasa ba, caji cikin dare, da ajiye shi a kan hanya ɗaya tilo ta fita. Kasuwar Najeriya ta fi kama da ta Indiya fiye da ta Suwidin. Abin da talaka da matsakaicin ɗan kasuwa za su fara saya babur ne da Adaidaita Sahu, kuma wurin cajinsu zaure ne, ko shago, ko tsakar gidan haya.

Ƙofofin da haɗarin zai bi ya shigo Najeriya

Ta farko ita ce motocin Kwatano da na gwanjo. Sanannen abu ne cewa da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka waɗanda kamfanonin inshora suka sallama ne bayan haɗari ko ambaliya, a gyara su a nan a yi musu fenti. A motar fetur, mafi munin sakamako yawanci injin da ke ba da wahala ne. A motar lantarki, lotsewar da ba a gani a ƙarƙashi ko gishirin da ya kwanta a akwatin batir wuta ce da ke jiran rana. Lambar VIN mai harufa da lambobi 17, wadda hukumar Kwastam ma ke amfani da ita wajen ƙiyasta haraji, tana buɗe tarihin mota: shafin hukumar NHTSA ta Amurka yana nuna kyauta ko akwai kiran gyara da ba a yi ba, kamfanonin tarihin motoci kuma suna nuna ko an taɓa rubuta ta a matsayin wadda ta nutse. Mai sayen tsohuwar Bolt ko Kona da bai tabbatar an sauya batirinta ba ya sayi matsalar da wani ya gudu ya bari.

Ta biyu ita ce gyaran bakin titi. Bakaniken Najeriya ya yi suna wajen tayar da abin da aka fid da rai da shi, amma walda kusa da batir, ko buɗe akwatin a sauya ƙwaya da wata da ba irinta ba, ko tsallake BMS don mota ta daina nuna fitilar gargaɗi, duk wasa da rai ne, na bakaniken kafin na mai mota. An ga irin wannan a ɓangaren iskar gas a Oktoban 2024, lokacin da wata mota ta fashe a gidan sayar da gas a Benin, aka gano tukunyarta haɗin walda ce. Sana'ar harhaɗa batirin sola da na babur daga ƙwayoyin tsofaffin kwamfutoci tana kan wannan layi.

Ta uku wayar gida ce. Cajin mota yana jan wuta mai nauyi awa shida zuwa goma ba hutawa, abin da siririyar waya da soket mai araha da wayar jone-jone ba za su ɗauka ba. Sau da yawa wutar da ake cewa ta motar lantarki ce daga bango take farawa. Layin caji yana buƙatar wayarsa daban mai kauri, da na'urar katse wuta, da wayar ƙasa ta gaske, musamman inda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi ko ake sauyawa tsakanin janareta da inbata. 'Yan kasuwar da ke barin batura a caji su kulle shago su tafi gida sun san yadda gobarar dare ke yi wa kasuwa. Ta Sabon Gari a Kano a 2016 ba ta bar zukata ba. Inshorar dole ta Naira 15,000 kuwa ta ɓarnar da aka yi wa wani ce, ba ta biyan mai mota kuɗin motarsa da ta ƙone.

Alamomi da abin yi

Batirin da ke shirin ƙwacewa yakan yi gargaɗi, ko da gajere ne: kumburi, zafin da hannu ba ya iya jurewa, wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce, ƙarar huci ko ƙas-ƙas, sai farin hayaƙi. A mota, saƙon gargaɗi kan bayyana a allon direba. Wanda ya ga haka ya tsaya a fili, ya kashe mota, ya fitar da kowa, a matsa nesa ta ɓangaren da iska ke fitowa, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana a kuma faɗa musu tun a waya cewa motar lantarki ce. Ba a komawa ɗauko jaka. Wasu daga waɗannan motoci ƙofofinsu da lantarki suke buɗewa, kuma galibi suna da hannun buɗewa na gaggawa a ɓoye. Ranar da aka sayi mota ya kamata direba da iyalinsa su san inda yake.

Ga babur da Adaidaita Sahu, caji ya kasance da cajar da ta zo da shi, a inuwa, a wuri mai iska, a kan siminti, nesa da katifa da jarkar fetur da ƙofar fita, kuma da mutum a farke. Batirin da ya dawo daga aiki da zafinsa a bar shi ya huce tukuna. Masu ƙera ƙwayoyin ba sa son a yi caji idan zafinsu ya haura digiri 45. Wanda ya faɗi ƙasa da ƙarfi ko ya kumbura ya gama aiki, kuma ba a jefa shi a bola, inda masu ƙona shara ko 'yan gwangwan za su same shi.

A ɓangaren doka, ƙasar Sin, wadda ta fi kowa ƙera waɗannan batura, ta fara da sharaɗin cewa dole mota ta bai wa fasinja gargaɗin minti biyar kafin wuta ta iso inda yake. Sabon ma'aunin da ta fitar a 2025, mai lamba GB 38031, wanda aka tsara zai fara aiki a Yulin 2026, ya ɗaga sharaɗin: ko ƙwaya ɗaya ta ƙwace, kada akwatin ya kama da wuta ko ya fashe. Wannan doka ta motocin da za a sayar a cikin Sin ce. Abin da ake lodawa a kwantena zuwa Apapa da Tin Can, ko a shigo da shi ta kan iyaka, ya rage ga hukumar SON da Kwastam su tambayi takardar gwajinsa.